Yadda Dangin Gauta Ke Haɗa Gubar Kare Kai

Dankalin Turawa da tumatir da gauta da yalo 'yan gida ɗaya ne. Masana tsirrai suna sanya su cikin zuriyar da ake kira Solanum, wadda ke da nau'i fiye da 1,200, ita kuma zuriyar tana cikin babban dangin Solanaceae mai nau'i fiye da 2,500. A cikin wannan dangi ake samun barkono da tattasai da attaruhu, da taba, da zaƙami, da na jeji irin su gautan kura da gautan kaji. Dankalin Hausa ba ya cikinsu, suna kawai ya haɗa shi da na Turawa.

An san dangin da iya haɗa sinadaran kare kai. Tsiro ba ya gudu, ba ya cizo, don haka sai ya sanya ɗaci ko guba a jikinsa, mai cinsa ya ji a bakinsa ko a cikinsa. Taba tana yin nikotin, barkono yana yin sinadarin yaji, zaƙami yana yin masu gusar da hankali. Zuriyar Solanum kuwa ta ƙware a kan wasu sinadarai da ake ginawa daga kwalastarol, wanda likitoci ke aunawa a jinin mutum. Su ne ke kawo ɗacin ɗanyen tumatir, da ɗacin gauta, da raɗaɗin da dankalin da ya yi kore ke bari a maƙogwaro.

Surar sinadaran

A kimiyyance ana kiran su gilaikoalkaloyid masu ƙashin sitiroyid. Sunan yana da tsawo, amma ya ƙunshi bayanin surarsu duka. Kowanne yana da sassa biyu, kai da jela. Kan shi ne ƙashin sitiroyid, wato zobba na ƙwayoyin zarrar kabon da ke manne da juna, irin ƙashin da ake samu a kwalastarol da sinadaran jinsi na jikin ɗan Adam. Kwalastarol yana da zobba huɗu da kabon 27. Tsiron yana ƙara masa zobba biyu, ya cusa ƙwayar naitirojin guda ɗaya a ciki, kuma wannan naitirojin ita ke mayar da shi alkaloyid. Jelar kuwa sarƙa ce ta sukari uku ko huɗu da ake ɗaurawa a kan kabon na 3.

Kowace shuka da nata haɗin. A dankali akwai solanin da cakonin, waɗanda su biyun suka kai kusan kashi 95 cikin ɗari na irin waɗannan sinadarai a cikinsa. Kansu ɗaya ne, ana ce masa solanidin, jela ce ta raba su. Ta solanin ta ƙunshi sukarin galaktos da gulukos da ramnos, ta cakonin kuma gulukos ɗaya da ramnos biyu. Idan aka ɗauki waɗannan jeloli biyu aka ɗaura su a kan wani kai mai suna solasodin, sai a samu solasonin da solamajin, masu kawo ɗacin yalo da 'yan'uwansa. Tumatir yana da tomatin, mai jelar sukari huɗu.

An daɗe da sanin su. A 1820 wani mai haɗa magunguna ɗan Faransa mai suna Desfosses ya fitar da solanin daga 'ya'yan Solanum nigrum, ɗan'uwan gautan kaji na kusa. An fitar da tomatin a Amurka a 1948. A 1954 masana a Jamus, Richard Kuhn da Irmentraut Löw, suka nuna cewa abin da ake kira solanin a dankali gauraye ne, akwai cakonin a tare da shi. Amma yadda tsiron ke haɗa su mataki bayan mataki bai fito fili ba sai cikin shekarun da suka biyo bayan 2010.

Yadda gubar ke aiki

Ƙarfin waɗannan sinadarai yana cikin surarsu ta kai da jela. Kan yana son mai, jelar tana son ruwa, kamar dai sabulu. Kowace ƙwayar halitta ta dabba ko ƙwaro ko fumfuna tana lulluɓe da wani siririn tantani na mai, kuma a cikin tantanin akwai kwalastarol ko wani ɗan'uwansa da ke ƙarfafa shi. Idan tomatin ko cakonin ya iso, sai kansa ya nutse cikin tantanin ya kama kwalastarol ɗin, jelolin da suka rage a waje kuma su riƙa kama juna. Da haka sai su taru su yi curi, tantanin ya lanƙwashe ya huje, abin da ke cikin ƙwayar halittar ya tsiyaye. Wannan shi ke kashe fumfuna, shi ne kuma ke ƙona bangon hanji har a samu amai da gudawa.

Hanya ta biyu ta shafi jijiyoyin saƙo. Bayan jijiya ta miƙa saƙo ga tsoka, akwai wani enzayim da ke share sinadarin da ya kai saƙon domin tsokar ta huta. Solanin da cakonin suna danne wannan enzayim, wanda shi ne dai wasu magungunan ƙwari na feshi ke dannewa, ko da yake ƙarfin na tsiron bai kai nasu ba. An kuma lura cewa idan solanin da cakonin suka haɗu, ɓarnarsu a kan tantani ta fi jimillar abin da kowanne zai yi shi kaɗai. Watakila wannan ne dalilin da ya sa dankali bai tsaya ga guda ɗaya ba.

Matakin farko: samar da kwalastarol

Aikin haɗa gubar ya yi kama da tafiyar fata daga hannun majemi zuwa marini zuwa baduku, kowa ya yi nasa ya miƙa wa na gaba. Ma'aikatan su ne enzayim, wato furotin masu gaggauta sauya wani sinadari zuwa wani, kuma kowane enzayim akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi.

Kayan aikin na farko wani ɗan guntu ne mai kabon biyu da tsiro ke samu daga sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana. Ana haɗa uku daga cikinsu a samu mebalonet, daga shi a fitar da tubali mai kabon biyar. Tubala shida suna ba da doguwar sarƙa mai kabon 30 da ake kira sikwalin. Sai a ɗora mata oksijin a baki ɗaya, wani enzayim kuma ya naɗe ta a tashi guda ta zama zobba. A jikin dabba abin da ke fitowa a nan shi ne lanostarol, a tsiro kuwa saikuloatinol.

A nan hanya ta rabu biyu. Yawancin tsirrai suna ƙara kabon ɗaya ko biyu a kan kabon na 24, su samu irin nasu sinadaran ƙarfafa tantani kamar sitostarol, shi ya sa kwalastarol ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Dangin gauta suna yin haka su ma, amma suna da wani enzayim na musamman, SSR2, wanda ke riga masu ƙarin kabon isa wurin, ya toshe shi, ya karkatar da kayan zuwa hanyar kwalastarol. Masana a Japan ne suka bayyana aikinsa a 2014, suka nuna cewa idan aka kashe shi a dankali, gubar tana raguwa sosai. A 2016 wani bincike da aka yi a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya zayyana hanyar kwalastarol ta tumatir baki ɗaya, da enzayim 12 a cikinta. Da yawansu kwafi ne na enzayim ɗin tsohuwar hanya. A wani zamani mai nisa ƙwayoyin gadon suka ninka, kwafi ɗaya ya ci gaba da tsohon aiki, ɗayan ya koma hidimar makami.

Mataki na biyu: ƙera kai

Kwalastarol yana da wutsiya mai kabon takwas da ke reto a gefen zobensa na huɗu. Wannan wutsiya ce ake lanƙwasawa ta zama zobba biyu na ƙari. Enzayim ɗin da ke aikin ana kiran su GAME, kowanne da lambarsa, sunan da ƙungiyar Asaph Aharoni ta Cibiyar Weizmann ta raɗa musu. Masanan Japan da suka yi aiki a kan dankali sun ba wasunsu sunaye dabam, shi ya sa enzayim ɗaya kan zo da suna biyu a littattafai.

Da farko ana yi wa kwalastarol alama a wurare uku ta hanyar ɗora oksijin. GAME6 yana ɗorawa a kabon na 22, GAME8 a na 26, GAME11 kuma a na 16. Waɗannan oksijin su ne maƙalai. Na kabon 16 yana miƙa hannu ya kama kabon na 22, zobe na biyar ya rufu. Daga nan hanya ta sake rabuwa. Idan aka bar oksijin na kabon 26 a yadda yake, abin da za a samu shi ne safonin, wato sinadari mai kumfa marar naitirojin. Idan kuwa alkaloyid ake so, sai GAME4 ya ƙara gyara wannan wuri, GAME12 ya cire oksijin ɗin ya sanya naitirojin a madadinsa. Naitirojin ɗin sai ta juyo ta kama kabon na 22, zobe na shida ya rufu.

A 2013 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna cewa ƙwayoyin gadon wannan aiki ba a warwatse suke ba. A tumatir, shida daga cikinsu suna jere kusa da juna a kan kuromosom na 7, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, biyu kuma, GAME4 da GAME12, maƙwabtan juna ne a kuromosom na 12. Zaman unguwa ɗaya yana da amfani ga tsiro: ana gadon su tare, ba kasafai ake raba su ba, don haka da wuya 'ya'yan tsiro su gaji rabin hanya su tara sinadarin da ba a ƙarasa ba.

Kan da ke fitowa daga wannan mataki shi ne irin na tumatir da yalo. Dankali yana ƙara mataki guda. A 2021 masana a Jami'ar Kobe suka gano enzayim ɗin da suka kira DPS, wanda ke fara warware zobba biyun ƙarshe domin a sake ɗinke su da naitirojin a tsakiya, a samu irin kan solanin da cakonin.

Mataki na uku: ɗaura jela

Kan da ba shi da jela haɗari ne ga mai shi. A wani bincike na 2011 an rufe bakin GAME1, wanda ke ɗaura sukarin farko a tumatir, sai tomatidin, wato kan tomatin tsirara, ya taru a jikin shukar. Shukar ta tsumbure, jikinta ya lalace. Ke nan jelar sukari tana yin aiki biyu a lokaci guda: tana ƙara wa sinadarin ƙarfi a kan abokan gaba, tana kuma sa tsiron ya iya riƙe shi ba tare da ya cutu ba.

Ana ɗaura sukarin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ma'aikacinsa. A tumatir, GAME1 yana sanya galaktos, GAME17 da GAME18 suna sanya gulukos biyu, GAME2 yana rufewa da zailos. A dankali ana kiran masu wannan aiki SGT1 da SGT2 da SGT3. Idan SGT1 ne ya fara da galaktos, za a ƙare da solanin. Idan SGT2 ne ya fara da gulukos, za a ƙare da cakonin. Bayan an gama, sai a tura gubar cikin wata jakar ruwa da ke tsakiyar ƙwayar halittar tsiro, wadda ke zaman rumbu. A can take ajiye, nesa da sassan da za ta iya lalatawa, har ranar da haƙorin ƙwaro zai fasa rumbun.

Ma'aikacin da ya ɓace

Duk da an san waɗannan enzayim, akwai wata matsala da ta daɗe tana damun masana. Hanyar tabbatar da cewa an san dukkan matakan wani sinadari ita ce a kwashe ƙwayoyin gadon a saka su a wani tsiro da ba ya yin sinadarin, a gani ko zai yi. Tsiron da aka fi amfani da shi don haka wata tabar jeji ce ta Ostareliya, Nicotiana benthamiana. An yi ta saka GAME6 da GAME8 da GAME11 da sauransu a ganyenta, amma gubar ba ta fitowa yadda ake tsammani.

Amsar ta zo a watan Disamba na 2024, cikin rahotanni biyu da suka fito tare a mujallar Science. Ɗaya daga Cibiyar Max Planck ta nazarin sinadaran muhalli da ke Jena a Jamus, ƙarƙashin Sarah O'Connor da Prashant Sonawane, ɗayan kuma daga Adam Jozwiak da Asaph Aharoni da abokan aikinsu. Dukansu sun nuna yatsa ga furotin guda, GAME15. An daɗe ana ganin ƙwayar gadonsa tana tashi aiki tare da sauran, amma surarsa ta yi kama da ta enzayim ɗin da ke saƙa selulos, wato zaren bangon ƙwayar halittar tsiro, abin da audugar kaɗi ta ƙunsa. Wannan kama ta sa ba a ga abin da zai kai shi harkar guba ba.

An gano cewa yana da aiki biyu. Na farko, yana ɗaura wa kwalastarol wani sukari mai tsami, gulukuronik, a kabon na 3 tun kafin a fara komai. Wannan tamkar shaidar da ake yi wa buhu ce a kasuwa: tana ware kwalastarol ɗin makami daga na sauran ayyuka, kuma sai da ita ma'aikatan gaba ke karɓar kayan da kyau. Ba a samun wannan sukari a jikin tomatin ko solanin da aka gama, domin ana sauya shi da jelar gaskiya daga baya. Aikinsa na biyu shi ne tara ma'aikata. GAME15 yana zaune a jikin wata ragar tantani da ke cikin ƙwayar halitta, yana kama GAME6 da GAME8 da GAME11 ya zaunar da su gefe da gefe, kamar maigidan da ya tara masu sana'a a zaure ɗaya. Kaya na fita daga hannun wannan ya faɗa hannun wancan, ba ya zubewa a hanya balle ya cuci tsiron. Da aka haɗa da GAME15, ganyen tabar ya fara yin sinadaran.

Ƙungiyar Jena ta yi gwajinta a kan Solanum nigrum, wanda ke da wata ɗabi'a mai amfani ga bincike: 'ya'yansa suna yin alkaloyid, ganyensa kuma safonin mai suna utrosayid B. Da aka kashe GAME15, duka biyun suka ɓace, abin da ya nuna cewa daga tushe ɗaya suke. Shukokin da suka rasa safonin sun zama kiwon ƙwari. Wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da ke tsotsar ruwan ganye, Empoasca decipiens, da ƙwaron dankali na Kolorado, sun fi afka musu fiye da 'yan'uwansu da ba a taɓa ba. Wannan ya zama hujja kai tsaye cewa safonin ɗin ganye garkuwa ce daga ƙwari.

Mai kunnawa da kashewa

Haɗa guba yana cin kayan da tsiro zai iya kashewa a kan girma, don haka ba ko'ina ake yin ta daidai ba. Ta fi yawa inda asara za ta fi zafi: fure, da sabon toho, da ɗanyun 'ya'ya, da ɓawo. A dankali mai lafiya, yawanta a ƙwayar da ake ci bai cika wuce miligiram 100 a kilo ɗaya ba, kuma mafi yawanta tana cikin ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa. A toho da fure kuwa takan kai dubbai.

Mai ba da umarni wani furotin ne da ake kira GAME9 ko JRE4. Idan tsutsa ta ciji ganye ko fartanya ta sari dankali, tsiron yana sakin sinadarin ƙararrawa mai suna jasmonet, shi kuma ya tayar da GAME9, wanda ke kunna ƙwayoyin gadon kwalastarol da na guba tare. Ɗan'uwan wannan furotin ne ke kula da nikotin a taba. A dankali, ƙwayar gadonsa tana kuromosom na 1, a daidai wurin da masu kyautata iri suka riga suka gane cewa yana da hannu a yawan ɗaci.

Haske ma yana kunna hanyar. Dankali kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa, idan ya ga rana sai ya koma halinsa na kara: ya yi kore, ya tara guba. Koren kansa kulorofil ne, ba ya cutarwa, amma hasken da ya kawo shi ne ke tayar da solanin, shi ya sa yake zama gargaɗi.

Tumatir kuwa yana kwance makaminsa da kansa. Ɗanyen tumatir kan ɗauki tomatin har kusan miligiram 500 a kilo, domin irin da ke ciki bai ƙosa ba. Idan ya fara nuna, wani furotin mai jigila yana fito da tomatin daga rumbu, enzayim GAME31 da na bayansa kuma su sauya shi zuwa eskuliyosayid A, wanda ba shi da ɗaci. A jan tumatir abin da ya rage na tomatin bai wuce kimanin miligiram 5 a kilo ba. An bayyana furotin mai jigilar a 2021, aka sa masa suna GORKY, wato mai ɗaci a harshen Rasha, domin tumatirin da nasa ya lalace yana nuna da ɗacinsa. Hikimar a fili take: idan iri ya ƙosa, tsiro yana so tsuntsu ko dabba ta ci ta kai shi nesa.

Gaba da gabanta

Babu garkuwar da ba a huda ta. Fumfunar da ke sa tumatir yaushi, Fusarium oxysporum, da mai ɗigon ganye, Septoria lycopersici, suna da enzayim da ake kira tomatines, wanda ke yanke jelar tomatin ya rage masa kaifi. Ƙwaron dankali na Kolorado, wanda asali yake cin wani Solanum na jeji mai ƙaya kafin ya koma gonakin dankali a Amurka wajen 1859, yana cin solanin da cakonin ba ya ko gezau. Amma wani dankalin jeji na Kudancin Amurka, Solanum chacoense, yana ƙara wa sinadarin ɗan gyara ya zama leftin, wanda ƙwaron ke gudu. Tsutsar Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa a 2016, ita ma 'yar Kudancin Amurka ce kamar tumatir, ta daɗe da sabawa da ganyensa.

Ɗan Adam ma yana cikin masu huda garkuwar. An fara noman dankali a tsaunukan Andis, wajen tafkin Titikaka, shekaru 7,000 ko fiye da suka wuce, kuma na jeji yana da ɗaci ƙwarai. Manoman wurin sun riƙa zaɓen marar ɗaci. Mai ɗacin kuma su shanya shi ya daskare da sanyin dare, su tattake shi, su wanke ko su busar, ko su ci shi da wani irin yumɓu da ke kama gubar a cikin hanji. Haka manoman Afirka suka yi da gauta, shi ya sa ake samun mai zaƙi da mai ɗaci a kasuwa ɗaya, alhali gautan kura na jeji ba ya ciwuwa.

A gona da madafa

An daɗe ana ɗaukar miligiram 200 a kilo a matsayin iyakar da dankalin ci bai kamata ya wuce ba, kuma a 2018 hukumar auna haɗurran abinci ta Jamus ta ba da shawarar a sauko zuwa 100. A 2020 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce alamun cuta na iya farawa daga miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin mutum. Bisa wannan lissafi, mai nauyin kilo 60 zai kai wannan mataki da giram 300 na dankalin da ke kan iyakar 200, yaro mai kilo 20 kuwa giram 100 ya ishe shi. Alamun su ne tashin zuciya, amai, gudawa, ciwon ciki da ciwon kai, idan abin ya yi tsanani har da ruɗewa. Ɗalibai 78 na wata makaranta a kudancin Landan sun taɓa kwanciya bayan cin dankalin da ya daɗe a ajiye, aka kai 17 asibiti. A Amurka an fitar da irin dankali mai suna Lenape a 1967, wanda ke da jinin Solanum chacoense, aka janye shi a 1970 saboda yawan gubarsa. Suwidin ma ta dakatar da irin Magnum Bonum a 1986.

Dafuwa ba ta kashe solanin, domin ba ya fara wargajewa sai zafi ya haura digiri 170. Abin da ke rage shi shi ne fere ɓawo da kauri, da ƙwaƙule ido da toho, da yanke duk inda ya yi kore ko ya ji rauni. Wanda koren ya mamaye, ko ya yi ɗaci a baki, zubarwa ake yi, ba a kuma ba dabbobi. Ga manoman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi a Jihar Filato, inda mafi yawan dankalin Nijeriya ke fitowa, rigakafin yana farawa daga huɗa mai kyau da ke rufe ƙwayar daga rana, da kiyaye sara wajen tono, da ajiya a wuri mai duhu da sanyi da iska. Dankalin da aka baza a tire cikin rana a bakin titi yana iya canja launi cikin 'yan kwanaki.

Amfanin sanin hanyar

Sanin matakan ya ba masu kyautata iri damar taɓa wuri guda su bar sauran. Cire gubar gaba ɗaya ba shi ne buri ba, tunda gwajin GAME15 ya nuna abin da ke samun shukar da aka tuɓe wa garkuwa. Abin da ake nema shi ne dankalin da ganyensa ke da makami, ƙwayarsa kuma babu. Wasu gwaje-gwajen sun zo da abin da ba a zata ba. A 2016 masanan Japan suka rufe bakin GAME6 da GAME8 a dankali, gubar ta ragu ƙwarai, ƙwayar kuma ta daina toho a ajiya, sai an binne ta a ƙasa take tsirowa. A 2022 masana a Cibiyar John Innes ta Ingila suka toshe enzayim na ƙarshe a hanyar kwalastarol ta tumatir, sai sinadarin da ke gabansa ya taru, wanda hasken rana ke mayarwa bitamin D3.

Akwai kuma ɓangaren magani. Ƙashin sitiroyid yana da wahalar haɗawa a masana'anta, shi ya sa tun shekarun 1940 ake samo shi daga tsirrai, musamman dayosjenin na doyar jeji ta Meziko, a sarrafa shi zuwa kotizon da magungunan tazarar haihuwa. An noma wasu nau'in Solanum a Indiya da tsohuwar Tarayyar Sobiyat domin solasodin, wanda ke iya zama madadinsa. Yanzu da aka iya haɗa sinadaran a ganyen tabar gwaji, ana iya sauya enzayim ɗaya ko biyu a samu sababbin haɗe-haɗen kai da jela, a gwada su a matsayin magani ko maganin ƙwari, ba tare da an dogara ga tonon tsirran jeji ba.